Koktel: Shirun da Muke Yi Ba Tarbiyya Ba Ne



Ranar Alhamis ɗin da ta wuce aka kira ni ofishin direkta. Da na shiga na tarar da wani dattijo zaune, mahaifin wata ɗalibata ta aji huɗu na kwaleji, cikin waɗanda za su zauna jarabawar BEPC bana. Bayan mun gaisa ya dube ni ya ce: "Mushe, mun kawo muku ɗiyanmu ku koya musu karatu, ba sunayen giya ba." Ban ja da shi ba a wurin, don ya girme ni, kuma na san abin da ya taso shi daga rumfarsa ya kawo shi lakkol tsoro ne irin na uba. Amma na yi masa alkawari, na yi wa direkta, cewa zan ba da amsa a rubuce inda kowa zai gani. Ga ta.

Abin da ya faru bai taka kara ya karya ba. Muna darasin Faransanci, muka ci karo da kalmar koktel a cikin rubutun da muke karantawa. Na tambayi ma'anarta. Yarinyar nan ta ɗaga hannu ta ce: "Mushe, lemu ne mai kala-kala, mun sha a Yamai lokacin hutu." Wani yaro daga bencin baya ya yi dariya ya ce: "Akwai na yara, akwai na manya." Aji ya ɗauki shewa. A nan na gane cewa aji ya rabu biyu: rabi ba su san komi ba, rabi kuma sun san abin da ba daga bakin uwayensu ko malamansu suka ji shi ba. Na ajiye littafi, na ɗauki alli, na yi minti 20 ina bayani. Wannan ne laifina.

To ni na ce laifin yana wani wuri. Laifin shi ne mu bar yaro ya je ɗaukar kofin da bai san abin da ke ciki ba, mu kuma muna ganin shirunmu kunya ce da tarbiyya. Rashin sani ya fi dare duhu. Kuma a duk abin sha na duniya babu wanda jahilci ya fi yi wa aiki kamar koktel, don yana ɓoye abin da ke cikinsa. Bari in nuna muku daga tarihinsa, ku yanke hukunci da kanku.

Bayani na farko da aka buga a kan ma'anar kalmar ya fito ne ranar 13 ga watan Mayu na 1806, a wata jarida ta garin Hudson da ke jihar New York a Amurka. Wani mai karatu ya tambaya, editan ya ba shi amsa cewa abu huɗu ne ake haɗawa: barasa mai ƙarfi kowace iri, da sukari, da ruwa, da ɗigon ruwan ɗaci na saiwoyi da ɓawon itace. Shi ke nan. A 1862 wani mai sayar da barasa mai suna Jerry Thomas ya fitar da littafin farko a Amurka na koyar da wannan haɗi, sana'ar ta samu ƙa'idoji. Har yau wanda ake kira Old Fashioned bai wuce wancan haɗin na 1806 ba: wiski, sukari, ɗigon ɗaci, ƙanƙara.

Ku lura da aikin kowane abu a cikin kofin. Barasar da aka tata, irin su wiski da jin da rom da bodka da tekila, tana ɗauke da alkol kashi 40 cikin 100 ko kusa da haka. In aka ɗiga wa yaro ita zalla a harshe, zai tofar, don tana ƙona maƙogwaro. Wannan ƙuna kariya ce da Allah ya sa wa jiki. Sukari yana kashe ta. Lemun tsami yana rufe warin. Ƙanƙara tana sa harshe ya daina jin zafin. Na'ana'a da abarba da kwakwa suna kawo ƙamshin da yaro ya saba da shi tun yana goye. Duk gwanintar mai haɗa koktel ta taru ne a wuri ɗaya: ya cire gargaɗin da harshe ke yi, ya bar alkol ɗin yadda yake.

Tun kafin kalmar koktel ma haka abin yake. A ƙarni na 17 matuƙan jiragen ruwan Ingila da ke fatauci a Indiya suka koyi wani haɗi da ake kira punch: barasar arak mai kaushi, da lemun tsami, da sukari, da ruwa, da kayan yaji. A 1740 wani babban hafsan sojan ruwan Ingila, Edward Vernon, ya ga rom ɗin da ake raba wa sojojinsa kullum tana kayar da su, ya ba da umurni a riƙa sirka ta da ruwa. Wannan rabon barasa bai tsaya ba a jiragen yaƙin Ingila sai ranar 31 ga watan Yuli na 1970.

Ita kanta rom daga ina? Daga gonakin rake na tsibiran Karebiyan, musamman Barbados, a tsakiyar ƙarni na 17. In an dafa ruwan rake an fitar da sukari, akwai baƙin maɗi da ke saura. Shi ake bari ya ruɓa a tata. Masu noman raken nan da masu tsayuwa bakin tukwanen dahuwar bayi ne da aka kwaso daga Afirka. Jiragen ruwa daga Rhode Island a Amurka suna loda gangunan rom su kawo gaɓar da yau take ƙasar Gana, su musanya su da mutane, su kai mutanen gonakin rake, a sake samun maɗin da za a yi wata rom ɗin. Mojito da yaranmu ke gani a salula, kore shar da ganyen na'ana'a, rom ce da lemun tsami da sukari da ruwan soda, daga Kuba. Daiquiri ma daga Kuba, sunan wani wuri ne kusa da birnin Santiyago inda Amurkawa ke haƙar ƙarfe. Cuba Libre rom ce da Coca-Cola da lemun tsami. Piña Colada kuwa ta Puerto Rico ce, rom da madarar kwakwa da ruwan abarba, a 1978 suka mai da ita abin sha na ƙasarsu. In malamin tarihi yana koyar da cinikin bayi, wa zai ce masa ya tsallake gangar rom?

Akwai wanda tarihinsa ya biyo ta kogin Kwara, wannan da ya ratsa Yamai ya gangara Najeriya. A 1820 wasu masana magani biyu a Paris, Pelletier da Caventou, suka ciro kinin daga ɓawon wani itace na tsaunukan Amurka ta Kudu. Kinin na maganin zazzaɓin cizon sauro, amma ɗacinsa ya fi na maɗaci, saboda haka likitocin sojan ruwan Ingila suna narka shi cikin giya don ya haɗiyu. A 1841 Ingilishi suka aiko jirage su hau Kwara, Turawa fiye da 40 suka mutu da masassara. A 1854 likita William Baikie ya sake hawa Kwara da Binuwai, yana ba mutanensa kinin kullum, ya koma ba wanda ya mutu. Daga nan ƙofar shiga cikin Afirka ta buɗe wa masu mulkin mallaka. A 1858 aka fara yin ruwan tonik mai kinin a Landan, Ingilishin da ke Indiya suka riƙa zuba shi a kan jin da yankin lemun tsami. Asalin Gin Tonic ke nan.

Na taɓa jin wani ma'aikaci, mai takardu kuwa, yana cewa yana shan jin da tonik ne don rigakafin palu. Ga lissafin da ya kamata kowane ɗan kwaleji ya iya yi masa. Dokar Amurka ba ta yarda kinin ya wuce miligiram 83 a lita ɗaya ta tonik ba. Babban mutum da ake yi wa magani da kinin ana ba shi wajen miligiram 600, sau uku a yini. Wato sai ya sha fiye da lita 7 kafin ya kai sha ɗaya. Sauro bai san da zaman kofinsa ba. Wa zai warware wa yaro irin wannan ƙarya in an ce malami ya rufe baki?

Lokacin da ya fi tona asirin koktel shi ne daga 1920 zuwa 1933, sa'ad da Amurka ta haramta sayar da barasa. Masu fasa-ƙwauri suka koma yin ta a ɓoye, wata a bahon wanka, wata kuma alkol ne na masana'antu da aka sato, wanda aka riga aka zuba wa guba irin su metanol don kada a sha. Dubban mutane suka mutu, wasu suka makance. Da yake barasar ba ta shawuwa, mashaya na ɓoye suka ƙara yawan zuma da ruwan lemu da sukari. Bee's Knees na wancan zamani jin ne da zuma da lemun tsami. Darasin a fili yake: zaƙin da ke iya ɓoye barasa yana iya ɓoye mugunyar barasa, yana iya ɓoye abin da ya fi ta muni. Uwayen ƴan mata, ku riƙe wannan. Kofi mai launi da zaƙi da sanyi, wanda aka haɗa a bayan idon yarinya aka miƙo mata, harshenta ba zai iya faɗa mata an jefa wani abu a ciki ba.

Sunayen ma suna cikin dabarar. Ba kasafai ake kiran koktel da sunan abin da zai yi wa mai sha ba. Negroni sunan wani basarake ne na Italiya, haɗin jin da Campari da wata giyar inabi mai ganyaye, daidai wa daida, daga birnin Florence. Kir sunan wani limamin coci ne, Félix Kir, wanda ya yi magajin garin Dijon a Faransa daga 1945 zuwa 1968, farar giyar inabi ce da barasar wasu ƴaƴan itace masu zaƙi. French 75, jin da lemun tsami da sukari da shampan, sunan igwar Faransa ce ta yaƙin duniya na farko. Margarita sunan mace, tekila ce ta Meksiko da barasar lemu da lemun tsami, an shafa gishiri a bakin kofi. Bloody Mary in ka gan shi ka ce romon tumatir ne, bodka ce a ciki. Wanda ya fi su duka rashin kunya shi ne Long Island Iced Tea. Ma'anar sunan shayi mai ƙanƙara. Babu ko ganyen shayi ɗaya a ciki. Barasa iri biyar ce, bodka da jin da rom da tekila da barasar lemu, a ɗan zuba Coca-Cola a kai don ya yi launin shayi.

Mu yi lissafin da na yi wa ɗalibaina a kan allo, wanda aka ce laifi ne. Ana ninka yawan abin sha a mililita da kason alkol da aka rubuta a jikin kwalba, a ninka da 0,8, sai a samu nauyin alkol a giram. Kofin biya na mililita 250 mai kashi 5 cikin 100 yana ba da mililita 12,5, wato giram 10. Long Island kuwa, mililita 15 sau biyar ya zama 75, kashi 40 cikin 100 na wannan 30 ne, a ninka da 0,8 ya ba da giram 24. Kofi ɗaya na wannan "shayi" ya kusa kofi biyu da rabi na biya. Yarinya mai kilo 45 in ta shanye shi ba ta ci abinci ba, alkol a jininta zai iya kai wajen giram 0,8 a kowace lita, alhali a Faransa wanda ya kai 0,5 doka ta hana shi tuƙa mota. Hantar babban mutum tana bukatar awa ɗaya zuwa biyu kafin ta narkar da giram 10. Babu ruwan sanyi ko kofi ko wanka da ke gaggauta ta. Ku gaya mini, a wannan lissafi ina talla take?

Yanzu ga na yanayi. Turawa sun raba wa kowane lokaci na shekara kofinsa. Lokacin sanyi da Kirsimeti, a Faransa da Jamus ana dafa jar giyar inabi da kirfa da kanumfari da ɓawon lemu, ana sayar da ita da zafinta a kasuwannin Kirsimeti irin ta Strasbourg. A Amurka da Kanada ana kaɗa ƙwai da madara da sukari da gyaɗar ƙamshi a zuba rom ko wiski, suna kiransa eggnog. A watan Mayu, ranar sukuwar dawaki ta Kentucky, Mint Julep ake sha, wiski da sukari da na'ana'a da dakakkiyar ƙanƙara. Lokacin zafi Ingilishi na shan Pimm's a gasar tanis ta Wimbledon, Italiyawa na shan Spritz mai launin lemu. Ta haka babu watan da ya rasa dalilin sha. Kuma kowane yana tafe da ƙaryarsa. Na sanyi an ce yana ɗumama jiki. Abin da alkol ke yi shi ne ya buɗe jijiyoyin jini na fata, mutum ya ji ɗumi a waje alhali zafin cikinsa na fita. Na zafi an ce yana kashe ƙishirwa, alhali alkol na sa yawan fitsari, jiki ya ƙara bushewa. Ku auna wannan da bazarar Tawa ko Damagaram a watan Afrilu.

Eggnog ɗin nan mai kama da kunun madara ya taɓa tayar da makaranta guda. A daren Kirsimeti na 1826, ɗaliban makarantar soja ta West Point a Amurka suka shigo da wiski a ɓoye suka zuba a ciki. Kafin gari ya waye an farfasa tagogi da kayan ɗakuna, an zare makamai a kan hafsoshi, ɗalibai kusan 20 suka gurfana gaban kotun soja. Makarantar soja ke nan, mai dokar hana barasa da masu gadi. Dokar ta hana kwalba, abin ya shigo cikin madara.

Mu ma yanzu muna da lokutanmu, kuma kowane malami ya san su: daren 31 ga Disamba, da ranar 14 ga Fabrairu, da bukukuwan zagayowar ranar haihuwa da suka zama yayi a tsakanin ƴan lise, da yawon salla, da makon da sakamakon BEPC da BAC ke fitowa. A manyan garuruwanmu kalmar koktel na da fuska biyu. A wurin mai sayar da lemu, haɗin mangwaro ne da gwanda da ayaba da madara, ba komi a ciki sai alheri. A otel da mashaya, kalmar nan dai, kofin nan dai, launin nan dai, amma da rom ko bodka. A takardar jerin abin sha sau da yawa suna shafi ɗaya. Ɗalibata da ta ce lemu ne ba ƙarya ta yi ba. Rabin gaskiyar aka ba ta, kuma rabin da ya rage shi ne mai cutarwa.

Kada kuma wani ya ce wannan matsalar ɗiyan masu kuɗi ce. Dabarar ta sauko unguwa da wasu kayan haɗin. Yaran da ke zuba maganin tari mai kodin a cikin lemun kwalba, ko su narka tramol a ciki, ƙa'idar 1806 suke bi ba su sani ba: abu mai bugarwa, a rufe shi da zaƙi. Kwalbar lemu ce a hannunsa, ya wuce ta gaban ubansa ya gaishe shi. A watan Mayu na 2018 Najeriya ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin, bayan wani binciken BBC ya nuna yadda yake cin matasa. A 2023 Kodibuwa ta dakatar da shigo da lemun ƙarin kuzari mai alkol, saboda matasa na haɗa shi da tramol. Tun 2010 hukumar abinci da magani ta Amurka ta sa aka janye irin wannan haɗi na alkol da kafeyin daga kasuwa, don kafeyin na hana mai sha jin ya bugu, ya yi ta ƙarawa. A 2004 Jamus da Faransa suka ɗora haraji mai nauyi a kan lemun kwalba mai barasa, don sun ga ƴan makaranta yake kamawa. Ƙasashen da suka ƙirƙiro abin suna faɗa da shi a fili, mu da yake shigo mana ta iyaka da ta salula muna cewa a yi shiru.

Na san hujjar masu ja da ni, kuma ba ta banza ba ce. Suna cewa bayani na tayar da sha'awa, yaron da bai taɓa jin sunan Mojito ba yau ya ji daga bakin malaminsa. Da a shekarun da na yi lakkol ne, da na yarda. A lokacin abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba ya ganinsa. Yau rimin yana aljihun yaro. Ya ga kofin a fim, ya gan shi a TikTok, ya gan shi a hannun ɗan ƙwallon da yake so, da kiɗa da fitilu da mutane masu dariya. Abin da bai taɓa gani ba shi ne giram 24, da hanta, da gangar rom a bakin teku ana musanya ta da ɗan Adam. Bayanin ya riga ya iso, daga bakin mai talla. Abin da ya rage a tambaya shi ne ko za a bar mai talla ya yi magana shi kaɗai.

Na yarda da abu ɗaya: akwai bayanin da ke zama koyar da sana'a. Malamin da zai tsaya yana kwatanta daɗin abin, ko yana ba da labarinsa da murmushi kamar ya yi kewarsa, ya ɓata. Kuma ɗan firamare ba a yi masa maganar da ake yi wa ɗan shekara 15. Wannan gyara ne a kan yadda za a faɗa. Bai zama dalilin a ƙi faɗa ba.

Wasu kuma suna cewa addini ya gama magana, giya haram ce, mi ya rage? Haram ce, ba mai ja. Amma yaron da ya haddace cewa giya haram ce, hoton da ke kansa kwalba ce mai wari a hannun wani mai tangaɗi a bayan tasha. Ba wanda ya gaya masa tana iya zuwa da launin zoɓo da ƙamshin abarba a hannun abokin ajinsa. Magabatanmu ba su yi irin kunyarmu ba. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu tun kaka da kakanni, ta yi maganar haɗa ƴaƴan itace iri biyu a jiƙo ɗaya, ta ambaci irin mazubin da aka hana yin jiƙo a ciki. Malamin Ƙairawan ya rubuta wannan don a koya wa yara, fiye da shekara dubu da ta wuce. Mu ne za mu fi shi tsantseni? Ga maƙwabtanmu da ba Musulmi ba kuwa, maganar likita ta isa: tun 1988 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa barasa a rukunin farko na abubuwan da ke jawo kansa, kuma hukumar ta ƙiyasta cewa barasa ta kashe mutum miliyan 2,6 a shekarar 2019 kaɗai.

Masu ganin kofin nan alamar wayewa ce kuma, su tuna cewa a Faransa ana ba yara giyar inabi a ɗakin cin abinci na makaranta har 1956, sa'ad da aka hana ba ƴan ƙasa da shekara 14, kuma ba a fitar da ita daga lise ba sai 1981. Abin da suka ɗauki shekaru suna korarsa daga makarantunsu bai kamata ya shigo namu da sunan ci gaba ba.

Ga abin da nake roƙo. Malamai, ba sai an ƙara wani darasi a jadawali ba. Malamin lissafi ya ba da aikin kaso cikin ɗari da lambar da ke jikin kwalba. Malamin kimiyyar rayuwa, in ya zo kan hanta da ƙwaƙwalwa, ya faɗi abin da alkol ke yi musu. Malamin tarihi ya haɗa rake da bayi da rom, ya haɗa kinin da mulkin mallaka. Malamin harshe ya gaya musu kalmar alkol daga Larabci ta fito, al-kuhl, wato kwalli, don su san sunaye na yin tafiya suna sauya kaya. Uwaye kuma, ku koya wa ɗiyanku abu uku kafin su je kowane biki: su tambayi mi ke cikin kofi kafin su karɓa, ba tare da jin kunya ba, su duba jikin kwalba ko gwangwani, in sun ga lamba da alamar kaso da "vol" su ajiye, kada su sha abin da aka haɗa a bayan idonsu ko kofin da suka bari suka dawo. Ku kuma yi musu alkawari cewa duk wanda ya ji jikinsa ya sauya bayan ya sha wani abu, ya kira gida, za a zo a ɗauke shi kafin a yi faɗa. Yaron da ke tsoron bulala fiye da abin da ya sha, a hannun wasu zai kwana.

Sai roƙo na ƙarshe ga masu sayar da lemu da masu shirya bukukuwa. Zoɓo da na'ana'a zoɓo ne. Ruwan tsamiya da citta, da kunun aya, da lemun kuka, da fura da nono, duk suna da sunayensu. Ku bar kiransu koktel, ku bar rubuta Mojito a kan abin da ba barasa a ciki don ku ƙara masa dala ashirin. In yaro ya saba da sunan da kofin tun yana shekara 10, ranar da aka miƙo masa na gasken ba abin da zai ba shi tsoro.

Alhaji, na san za a karanta maka wannan. Ɗiyarka tana cikin masu ƙoƙari a ajina, kuma da yardar Allah za ta ci jarabawa, ta tafi lise, ta tafi jami'a a Yamai ko wata ƙasa, inda ba ni ba kai. Wata rana wani zai miƙo mata kofi ya ce lemu ne. Minti 20 ɗin nan na yi su ne saboda wannan ranar. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Ranar taron uwayen yara mai zuwa zan zo da alli, in direkta ya yarda, in yi muku lissafin nan a kan allo yadda na yi musu.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya tsare su a inda idonmu bai kai ba.